B Mai Ƙugiya

Shekara goma sha huɗu ina aiki a ɗakin gwajin nan, ban taɓa fasa ko kwalba ɗaya ba. Ku tambayi kowa. Ni ce mai kiwon ƙwayoyin halitta: in ba su abinci, in sauya musu ruwa, in raba su idan sun cika faranti, ragowar in daskarar da su a tankin sanyi. Shi ya sa ake kirana Uwar Sanyi. Wasu sun ce don tankin ne, wasu sun ce gatse ne, don bakina ba shi da sanyi ko na anini. Duk wanda ya bar mini murfi a buɗe, ko digirinsa goma ne, sai na wanke shi tas a gaban jama'a. Ba yabon kai nake ba. Ina so ne ku san irin matar da ta yi abin da zan faɗa muku.

Ciwon da muke nema wa magani na huhu ne. Huhun mutum ya riƙa yin tabo yana taurarewa, har numfashi ya gagare shi. A jikin ƙwayoyin huhu akwai wani ɗan mitsitsin abu mai karɓar saƙo, mu a wurin aiki kwaɗo muke ce masa. Saƙo ya zo daga jiki ya buɗe kwaɗon, ƙwayar ta fara yin tabo. A wurin mai wannan ciwon, ba ta san ta daina ba. To mu makullin ƙarya muke nema, wanda zai shige kwaɗon ya cije a ciki, ya hana na gaskiyar shiga.

Farfesa ne mai tunanin. Mai haɗa mana sinadaran kuma Boka muke ce masa, wani dogo mai ƙonanniyar gira wanda ba ya rabo da tsokana. Shi zai haɗo, ni in ɗiga a kan ƙwayoyina, na'ura ta gaya mana ko ya kama. Haɗi ɗari biyu da goma muka gwada, duk tarkace. Na ɗari biyu da sha ɗaya ya kama ram. Boka ya raɗa masa suna Zakara, wai zakaran gwajin dafi. Aka ba ɓerayen da muka sa wa ciwon, cikin mako shida waɗanda ke kwance suna haki suka tashi suna hawan ƙarfen kejinsu. Ranar na ga Farfesa ya cire tabarau yana goge ido, ya ce wai ƙaurin sinadari ne.

Ni kuwa ban ɓoye kukana ba, don ina da mai ciwon a gida.

Yayata ce. Ita ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu, da keken ɗinkinta ta kai ni makaranta, har yau kuma Auta take ce mini duk da furfurar da ke kaina. Shekara biyar ke nan da ciwon ya kama ta. Da farko matattakala ce ta gagare ta, sai shara, sai taka keken. Yanzu maɓalli take sawa, tana kalmasa ƙafar wando da allura, a zaune bakin taga, da robar iska a hancinta da silinda a gefen kujera.

Wata goma da suka wuce likitan huhunta ya kira mu. Ya ce akwai wani sabon magani da za a gwada a asibitinsu, na wasu ne daban, kuma akwai gurbi ɗaya. Ba warkarwa yake ba, rage wa ciwon gudu ake fata ya yi. Sharaɗi biyu ne. Wanda ya shiga nasu ba zai shiga wani gwajin ba. Sannan sai ƙarfin numfashin mutum ya kai arba'in da biyar cikin ɗari. Na Yaya lokacin hamsin da shida ne.

A mota ta ce mini, "Auta, ke ce mai boko. Me kika gani?"

Na ce, "Yaya, wannan jan rai ne kawai. Namu fa? Da idona na ga ɓeran da ya kusa mutuwa ya tashi yana tsalle. Shekara ɗaya, in ya yi yawa, za a fara ba mutane. Ki jira namu."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Har haushi tambayar ta ba ni. Na ce, "Yaushe na taɓa gaya miki abin da ban tabbatar ba?"

Ta ce to. Washegari na buga wa likitan na ce mun gode.

Kafin a ba da izinin gwada magani a jikin mutum, sai wani ɗakin gwaji da babu ruwansa da mu ya maimaita aikin. Muka aika musu da Zakara, muka zauna jiran tafi. Ranar wata Litinin da hantsi Farfesa ya kira ni da Boka ofis. Takarda na gabansa, shayinsa ya yi sanyi bai taɓa ba.

Ya ce, "Wai Zakara bai kama ba."

Boka ya yi dariya. "Bai kama me ba, ranka ya daɗe?"

"Kwaɗon. Sun gwada sau uku. Sun ninka awon sau dubu. Sun ce daidai yake da ka ɗiga ruwan famfo."

Boka ya ce ƙila zafi ya lalata shi a hanya. Farfesa ya ce sun auna, lafiyarsa ƙalau, har yabon tsabtarsa suka yi. Sai na ga su biyun sun juyo suna kallona, irin kallon nan na a-hankali.

Na ce, "A'a, kar ma ku fara. Ƙwayoyina? Ku je ku tambayi waɗancan 'yan gayun ko sun iya wanke hannu. Ni za a kalla? Shekara goma sha huɗu!"

Farfesa ya ɗaga hannu. "Babu wanda ya ce ke ce, Malama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne layin ƙarshe." Ya gyara tabarau ya karanta. Wai don cika aiki sun gwada shi a kan kwaɗon ɓera ma. A can kam, sun ce, ba su taɓa ganin abin da ya kama kamarsa ba.

Kwaɗon ɓera da na mutum 'yan uwa ne, amma ba ɗaya ba ne, akwai 'yan wuraren da suka saɓa. Ko ɗalibin da ya zo jiya ya san wannan. Shi ya sa ake gwada haɗi a kan ƙwayoyin da ke ɗauke da na mutum. Ina jin Boka yana ta kawo dalilai, amma ni kunnena ya toshe. Na ce ina zuwa, na fita.

Bari in koma baya kaɗan, don a nan gizo yake saƙar.

Iri biyu na ƙwayoyi muke da su tun asali, masu kwaɗon mutum da masu kwaɗon ɓera. A ido, ko a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba ka iya raba su. Sunayen da aka aiko su da su dogaye ne, lambobi da haruffa reras, 'yan kwalaben da ake daskarar da su kuwa ba su kai ɗan ƙaramin yatsa ba. Sai na yi musu nawa. B, bil'adama. Ɓ, ɓera. Da hannuna nake rubutawa, in ja ƙugiyar ta fito sosai. Har alfahari nake da dabarar. Boka yakan ce duk duniya ɗakin gwajinmu ne kaɗai ɗan Adam da ɓera suka bambanta da ƙugiya ɗaya.

Shekara biyar da suka wuce aka ce a daina rubutun hannu, kowace kwalba sai an buga mata sitika da firinta. Na zauna gaban kwamfuta, na nemi Ɓ sama da ƙasa, babu. Aiki ya yi mini yawa ranar. Na ce kai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na buga B duka, na manna a kan rubutuna, na sa na mutum a akwatin sama, na ɓera a na ƙasa. Na ce gobe in nemi yadda ake sa ƙugiyar in sake bugawa.

Goben ce Yaya ta faɗi a matattakala, leɓenta ya yi baƙi. Mako uku na yi a asibiti da ita. Da na dawo, na san sunan ciwonta, na roƙi Farfesa ya bar ni a kan aikin nan shi kaɗai. Na buɗe tanki, na ɗauki kwalba daga akwatin sama, na narkar, na raina, na hayayyafa. Daga wannan kwalba ɗaya duk ƙwayoyin da muka yi aiki da su suka fito. Akwatin ƙasa ba a sake taɓa shi ba. Farfesa ya ce me za mu yi da ƙwayoyin ɓera, ga ɓerayen nan da ransu a keji.

Na shiga ɗakin tankin na rufe ƙofa. Na ɗauko littafin da ake rubuta duk abin da ya sami tankin, na koma baya shekara biyar. A mako na biyu da tafiyata, ga rubutun masu gyara: an kwashe akwatuna, an wanke tanki, an mayar. Akwatunan iri ɗaya ne, farare. Sitikun iri ɗaya ne. Wa zai ga laifin wanda ya mayar?

Na sa safar hannu mai kauri, na buɗe murfi, farin tururi ya zubo har ƙafata. Na ciro akwatin sama. Na zare kwalba ɗaya, na cire safar, na riƙe ta a tafin hannu duk da tana ƙona ni. Dokata ce kwalba ba ta wuce daƙiƙa goma a waje. Na bar ta ta narke. Da sitikar ta jiƙe na sa farce na ɓanɓare ta a hankali.

Ga rubutuna nan a ƙasa, baƙi wuluk, bai ko dushe ba. Ɓ. Ƙugiyar ta fito ɓaro-ɓaro, yadda nake jan ta.

Na ɓare ta biyu. Na ɓare ta uku. Na ciro akwatin ƙasa na ɓare ɗaya. B, ba ƙugiya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa dirshan, cikin farar rigata. Ban yi kuka ba. Lissafi kaina yake yi ba da izinina ba. Haɗi ɗari biyu da goma da muka zubar muka ce tarkace ne, a kan kwaɗon ɓera muka gwada su. Ƙila maganin yana cikinsu, mun watsar. Wata da watanni Boka yana goge Zakara yana daidaita shi, yana ƙara masa dacewa da ɓera, yana nisanta shi da mutum. Gwajin da zai tona wannan na kwana biyu ne kacal. Babu wanda ya yi shi, don babu wanda ya isa ya ce wa Uwar Sanyi bari mu duba ƙwayoyinki. Da wani ya faɗa, da na cinye shi ɗanye. Ni na san kaina.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta ce in mayar da sitikun in yi shiru. A ɗora wa masu gyara, ko a ce ƙwayoyin ne suka sauya da kansu, ai yana faruwa. Na kai minti goma ina juya wannan. Amma shiru ba zai sa Zakara ya kama ba. Na kwashi kwalaben huɗu na koma ofis, na jera su a kan teburin Farfesa kusa da kofin shayin.

Ya ɗauki ɗaya ya kai ta kusa da tabarau. Boka ya leƙa. Shi ya fara ganewa, na ga girarsa ta motsa. Na yi musu bayani tun daga firinta har wankin tanki, ban rage komai ba. Na so Farfesa ya zage ni, wallahi na so. Da ya buga tebur ya kore ni, da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya ajiye kwalbar a hankali, ya ce, "Ni ma ban ce a duba ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kar ka raba laifin nan da ni. Nawa ne."

Ya juya ga Boka. "In aka fara daga farko, da ƙwayoyin gaskiya?"

Boka ya kalli silin. Yau babu tsokana. "Mun san hanya yanzu. Shekara huɗu. Biyar. In an yi sa'a."

Dukansu sun san Yaya. Ita ta ɗinka wa Boka labulen ɗakinsa. Babu wanda ya ambace ta, kuma babu wanda ya iya haɗa ido da ni.

Ban jira an tashi ba. Ina isa gida na same ta bakin taga da wandon wani a cinya, ta sa zare a baki tana neman kafar allura.

"Yau da wuri? Ko an kore ki ne saboda masifa?"

Na ja kujera na zauna gabanta. Na shirya magana a hanya, mai tsari, mai taushi. Da na buɗe baki duk ta watse. Na ce, "Yaya, maganin nan ba zai zo ba. Ba ya aiki a jikin mutum. Kuma ni na jawo."

Ta cire zaren daga baki. Na gaya mata komai. Ita da ba ta wuce aji huɗu ba, ba sai na maimaita mata B da Ɓ ba, nan take ta gane. Tana saurare, silindar na ta hucinta a hankali.

Da na gama ta ce, "To ɓerayen fa? Sun warke da gaske?"

"Sun warke."

"To alhamdu lillahi. Wani dai ya amfana."

Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na riƙe kafaɗunta, ina jin ƙasusuwan a hannuna, na ƙara mata iskar. Da ya lafa idonta ya yi ja, hawaye na zuba, ban san na tarin ne ko na me ba.

Na ce, "Ki zage ni, Yaya. Don Allah ki ce wani abu."

Ta ce, "Ba ni da numfashin zagi, Auta. Buga wa likitan nan, ki tambaye shi ko gurbin na nan."

Likitan mutumin kirki ne, bai tambaye ni ina namu ya kwana ba. Ya ce har yanzu suna ɗaukar mutane, zuwa ƙarshen wata. Amma sharaɗi na nan yadda yake, kuma ba shi ke duba lambar ba, na'ura ce ke aika ta kai tsaye. Ya ce mu zo Alhamis da safe.

Yaya ta shirya wa Alhamis kamar mai zuwa jarrabawa. Ta ajiye ɗinki kwana biyu don ta tara ƙarfi. Na kama ta tana hura wa labule iska daga kujerarta, tana duba ko ya motsa. A asibiti sai da muka tsaya sau huɗu tsakanin ƙofa da ɗakin awon, ni ina jan silinda, ita tana dafa bango.

Ɗakin ƙarami ne, kujera ɗaya, kwamfuta, da wani bututu mai bakin roba. Nas ɗin ta cire wa Yaya robar hanci, ta maƙala mata ɗan matsi a hancin, ta ce, "Mama, ki ja iska iya ƙarfinki, ki hura gaba ɗaya, kar ki tsaya sai na ce."

Yaya ta ja, ta hura. Nas na cewa ƙara, ƙara, ƙara, Mama, ƙara. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Daga inda nake tsaye ina ganin fuskar kwamfutar. Talatin da tara.

"Wannan gwaji ne," in ji Yaya tana haki. "Ban shirya ba."

Aka jira ta huta. Ta sake. Talatin da takwas. Ta sake. Talatin da shida. Faratanta sun fara yin shuɗi. Nas ta miƙa hannu za ta karɓi bututun, ta ce, "Ya isa haka, Mama, kin yi ƙoƙari."

Yaya ta riƙe shi gam. "Ɗaya. Bar ni in sake ɗaya. Yanzu na gane yadda ake yi."

Nas ta kalle ni. Ni na san huhu ba ya koyon jarrabawa, kowace hura rage ta take yi. Amma da wane bakin zan sake gaya wa matar nan abin da ya kamata ta yi? Sai na durƙusa na riƙe wa Yaya bututun. Ta rufe ido, ta ja, ta hura har sai da jikinta duka ya karkata gaba, goshinta ya sauka a kafaɗata.

Mun daɗe a haka. Ina jin ƙirjinta yana ƙara kamar ana murza leda.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Nawa?"

Nas ta shiga gyara takardu.

"Auta, ke nake tambaya. Kar ki ƙara mini ko ɗaya."

Na ce, "Talatin da huɗu, Yaya."

"Nawa suke so?"

"Arba'in da biyar."

"Wancan karon nawa nake da shi?"

Ta sani. Ta fi ni sani. Amma ta jira sai da na faɗa da bakina.

"Hamsin da shida."

Ta gyaɗa kai a kafaɗata. Sannan ta ɗago, ta cire matsin hancin da kanta, ta miƙa wa nas ta ce ta gode. Ta lalubi gefen kujera da hannu.

"To. Mayar mini da iskata, mu tafi gida."